Bonaire, Cozumel ko Roatan? Masu nutso a teku ku ba ni shawara

Baban Iman: Assalamu alaikum mutanen gida. Bara na yi kwas ɗin nutso da tukunyar iska, na karɓi katin farko na PADI, ƙungiyar da ke horar da masu nutso, wanda iyakarsa mita 18. Sai dai duk nutson da na yi a tafki ne nan Texas, ruwa kamar kunun kanwa, da kyar kake ganin tafin hannunka. Yanzu na samu hutun kwana goma a watan Satumba, ina so in ga tekun Karibiyan da idona. Uwargida za ta bi ni, ita ma tana son koyo. Tsibirai uku nake jujjuyawa a rai: Bonaire, Cozumel ta Meksiko da Roatan ta Honduras, don duka akwai jirgi kai tsaye daga Houston. Fasfo ɗina na Najeriya ne, amma ina da girin kad. Wanne ya fi aminci, wanne ya fi sauƙi a aljihu, wanne ya fi abin kallo?

Mai Shayin Fagge: Wa'alaikumus salam. Bakano da shiga ƙarƙashin teku? Tiga ta ƙafe ne, ko Challawa ta yi maka kaɗan? Mu dai Allah Ya sa mu ga alheri, ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Baban Iman: Mai Shayi ka bari manya su yi magana tukuna, zan kawo maka tsarabar ƙatantanwa.

Kawun Toronto: Ɗana, tun da ka ce Satumba, ai ka amsa rabin tambayarka da kanka. Lokacin guguwa a wannan yanki daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, kuma Satumba ce tsakiyar abin. Bonaire tana can kudu, kamar kilomita 80 daga gaɓar Venezuela, hanyar guguwar ta fi bi ta arewa da ita. Cozumel kuwa guguwar Wilma ta yi mata kaca-kaca a Oktoban 2005, tsibiran Honduras su ma Mitch ta taɓa su a 1998. Ba na cewa in ka je lallai sai ta same ka. Amma hutun kwana goma da ka sha wahala kafin ka samu, ka ƙare shi a ɗakin otal kana leƙen taga, ai asara ce.

Sau uku ina zuwa Bonaire. Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne ba ka buƙatar jirgin ruwa. Ka ɗauki hayar a-kori-kura, ka loda tukwanen iska a baya, ka bi titin bakin teku. Duk inda ka ga dutse an shafa masa fenti ruwan ɗorawa an rubuta suna a kai, nan wurin nutso ne. Ka ajiye mota, ka sa kaya, ka taka cikin ruwa, iyo kaɗan sai ga murjani. Ba mai ce maka ƙarfe takwas jirgi zai tashi. Ni bayan sallar asuba nake fita, kafin rana ta yi zafi na yi nutso biyu.

Ɗan Yauri: Kawu, da girmanka, amma abin da kake yabo shi ne abin da nake tsoro ga wannan bawan Allah. Mutumin da bai taɓa shiga ruwan gishiri ba, a ce ya ɗauki mota shi da matarsa wadda ita ma sabuwar shiga ce, ba jagora, ba jirgi a samansu? In ya ɓace hanyar dawowa fa? In iskarsa ta kusa ƙarewa yana nesa da inda ya shiga? 'Yancin Bonaire na wanda ya ƙware ne. A Cozumel dokar gandun ruwan ma ba ta barin ka ka shiga sai da jagora. Kana ƙasa yana gabanka, jirgi na bin ku ta sama. Kuma hasken ruwan, wallahi ranar farko da na sauka a Palancar, wani wurin nutso a can, sai da na ɗaga kai na ga cikin jirginmu tarwai daga mita ashirin da wani abu, kamar an rataye shi a sarari. Duwatsun murjani kamar gidajen sama, kana bi ta tsakaninsu. Ban ga irin wannan a Bonaire ba, a hotuna ma.

Kawun Toronto: A hotuna. To ka je tukuna sannan mu yi magana.

Ɗan Yauri: Na karɓi wannan. Amma ba ka amsa maganar jagora ba.

Kawun Toronto: Akwai jagorori a Bonaire, biya za ka yi su bi ka. Kuma ba a barin baƙo ya fara sai an yi masa bayanin dokokin gandun, ya yi nutson gwaji ya daidaita nauyinsa. Ruwan gefen yamma a kwance yake, yawancin wuraren ba ja. Kai ka faɗa masa gaskiyar Cozumel: ruwa ne ke tafiya da kai, ba kai ke tafiya ba.

Maman Haidar: Bari in sa baki a nan, don abin ya faru da ni. Nutsona na tara a duniya a Cozumel na yi shi. Mun biya wani shago da muka ga ya fi arha, ba zan kama suna ba. Mu takwas, jagora ɗaya. Aka haɗa mu da wasu da suka yi nutso ɗaruruwa, su suka zaɓi wurin, wani bango mai zurfi. Muna sauka kunnena na hagu ya ƙi buɗewa. Na tsaya a mita biyar ko shida ina matse hanci ina hurawa a hankali kamar yadda aka koya mana, kafin in ankara ruwa ya ja ni gaba, su kuma suna can ƙasa suna ƙara ƙanƙancewa, kumfarsu kawai nake gani. Mijina ya dawo ya kama hannuna. Jagoran bai ma waiwayo ba. Muka hau sama mu biyu, ba mu da balan-balan ɗin nan mai ruwan lemo da ake hurawa don jirgi ya hango ka. Muka yi ta ɗaga hannu, ƙananan jirage na wucewa. Ba a fi minti goma ba aka ɗauke mu, amma na karanta duk addu'ar da na sani.

Washegari muka canza shago, muka ƙara kuɗi aka ba mu jagora namu mu kaɗai. Sai ga shi Cozumel ɗin ta zama wani wuri dabam. Ka saki jiki, ka naɗe hannu, ruwa na ɗauke da kai kamar kana kan rakumi, kififiya na cin abincinta ba ta ko kula ka. Tsibiri ɗaya, ruwa ɗaya, mako ɗaya. Don haka Baban Iman, ni tambayar “wanne tsibiri ya fi aminci” ban cika yarda da ita ba. Ka tambayi shagon: mutum nawa ne a kan jagora ɗaya, kuna raba sababbi da tsofaffi, akwai tukunyar oksijin ta gaggawa a jirgi, akwai rediyo. In suka fara kame-kame ka nemi wani.

Baban Iman: Subhanallah. Hajiya Allah Ya ƙara tsarewa. Wannan balan-balan ɗin yau zan saya.

Anti Likita: Kowa na maganar tsibiri, ba wanda ya tambayi jini. Baban Iman, mene ne rukunin jininka na gado, kai da maiɗakinka? Mu mutanen Arewa ba ma tsallake wannan tambaya. Mai sikila, wato SS, ba ya nutso da tukunya, babu ja-in-ja a kai. Sanyi, ƙarancin ruwa a jiki da wahala duk suna tayar da ciwon, a ƙarƙashin teku kuwa ba wurin da za a taimake ka. Mai AS ba a hana shi kai tsaye ba, amma ya ga likitan da ya san harkar nutso kafin ya fara. Haka mai asma, mai farfaɗiya, mai ciwon zuciya. Mace mai ciki ba ta yi sam. Takardar lafiyar da ake ba ku ku cike, na ga mutanenmu suna bin layi suna sa “a'a, a'a, a'a” don kada a ɓata musu hutu.

Baban Iman: Ni AA ne Anti. Ita AS ce. Ciki kuma babu, sai dai in ba a sanar da ni ba.

Anti Likita: To ta ga likita tun yanzu, kada ku bari sai kun sauka a can. Sannan shawara: ta yi karatun da darussan kwamin wanka a nan Houston, a ba ta takarda, ta je can ta ƙarasa nutso huɗu na teku kawai. Kada ta ƙone kwana uku na hutu a aji. Kuma ta sani za a sa ta iyon mita 200 da zama a saman ruwa minti 10 kafin a ba ta kati.

Game da ɗakin matsin iska, wanda ake sa mutum in kumfar naitirojin ta taru masa a jini saboda saurin hawa: duka ukun suna da shi. Cozumel ta fi su yawa, Bonaire akwai a Kralendijk kusa da asibiti, Roatan ma akwai. Amma maganin da tsada sosai, kuma inshorar lafiya ta yau da kullum ba lallai ta biya ba. Ku yi inshorar DAN, ƙungiyar kula da lafiyar masu nutso, kafin ku tashi. Ranar dawowa kuma a bar awa 18 aƙalla tsakanin nutson ƙarshe da hawa jirgin sama in an yi kwanaki ana yi. Ni nakan ce a ba shi kwana guda cur.

Ɗan Yauri: Anti ta tuna min. Mu da muka tashi a bakin Kwara muna kallon Sarkawa, mutum ya ja numfashi ɗaya ya nutse ya fito da kifi, abin da jikinmu ya sani shi ne riƙe numfashi. Da tukunya kuwa wannan shi ne babban haram. A mita 10 nauyin da ke kanka ya ninka na sama sau biyu, in ka cika huhu a can ka riƙe ka taso, iskar za ta kumbura ta ninka. Malamina sai da ya yi ta dukan tabarauna da yatsa kafin na bar wannan ɗabi'a.

Mai Shayin Fagge: Wato ku biya kuɗin jirgi, ku biya inshora, ku biya jagora, don ku je inda numfashi ma sai da doka. Allah Ya ba mu irin matsalarku.

Na Damagaram: Ba wanda ya kare Roatan, to ni zan kare ta. In maganar kuɗi ce, ba a haɗa ta da sauran. Ni a Utila na koya, ƙanwar Roatan, ana shiga da jirgin ruwa daga garin La Ceiba a gaɓar Honduras. An san ta a duniya da arhar kwas, tsakanin dala 300 da 400 har da wurin kwana a wasu makarantun. A Roatan kuma, unguwar West End, jirgi minti biyar ko goma ya kai ka wurin nutso, ruwa ba ja sosai, ɗumi kamar na wanka. Jerin murjanin nan ɗaya ne da na Cozumel da Beliz, kusan kilomita 1,000, shi ne na biyu a girma bayan na Ostareliya. Akwai wani wuri Mary's Place, tsaga ce a cikin dutse kana bi ta ciki, amma wannan sai ka ɗan ƙware.

Aibinta kuma ba zan ɓoye ba. Ƙananan ƙudajen yashi, ba ka ganin su sai dai ka ga ƙafarka ta yi burɗin-burɗin. Akwai zazzaɓin dengi, akwai maleriya. Utila kuma garin samarin Turawa ne masu jakar goyo, kiɗa da giya har asuba, ba inda zan kai iyali ba ne. Babban yankin Honduras ana maganar tsaro, don haka jirgin da zai sauke ka a tsibirin kai tsaye ya fi.

Kawun Toronto: Tun da an zo kuɗi, bari in faɗi na Bonaire don kada a ce na ɓoye. Harajin shiga dala 75 kowane baƙo, tun 2022. Kuɗin gandun ruwa na STINAPA, hukumar da ke kula da shi, dala 40. Ku biyu ke nan dala 230 kafin ƙafarku ta taɓa ruwa. Abinci da tsada, kusan komai shigo da shi ake yi, ƙasar busasshiya ce, ƙaya da jakuna da awaki kamar ka je wajen Gashuwa. Amma lissafin yana juyawa in kana nutso da yawa, don kuɗin iska na mako ake biya, ka ɗauki tukunya iya son ranka. A Cozumel fita ɗaya ta tukunya biyu wajen dala 100 ce, ban da ihsanin ma'aikatan jirgi. Mai yin huɗu a rana Bonaire ta fi masa. Mai yin biyu ya koma ya huta, Cozumel ko Roatan.

Abu ɗaya kuma: in ka ajiye mota a wurin nutso, ka sauke gilashi, kada ka kulle, kada ka bar komai. Masu ba da hayar da kansu za su gaya maka. Ɓarayi na fasa gilashi. Ni silifas aka ɗauke min da rabin gorar ruwa, na tuƙo ƙafa ba takalmi.

Ɗalibi a Barbados: Salam iyayena da yayyena. Ni dai ina karanta ku ina murmushi, don duk wannan zaɓin na mai girin kad ne. Meksiko tana barin mai bizar Amurka ko Kanada ko Birtaniya ko Shengen ya shiga, Bonaire ma tana ɗaga wa mai takardar zama a Amurka ƙafa. Wanda zai taso daga Kano ko Abuja da koren fasfo zalla fa? Barbados da Dominika ba sa neman biza a wurinmu, amma hanyar ce matsala, in ta Landan ce sai da bizar wucewa, ta Amurka ma haka. A nan Barbados akwai Carlisle Bay, jiragen da suka nutse a ruwa marar zurfi, daidai sabon shiga. Akwai Stavronikita, jirgin da aka nutsar a 1978, ita ta manya ce. Kuma abin da ba wanda ya ambata: Bridgetown akwai masallatan Juma'a, akwai naman halal, 'yan'uwa 'yan asalin Gujarat sun daɗe a nan.

Maman Haidar: Ƙanena ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. A Meksiko ku riƙa tambaya ko an sa kitsen alade a wake da waina, suna yawan girki da shi. Mu kifi muka yi ta ci. Shi ma kifin a guji babban barakuda, yana ɗauke da wata guba da wuta ba ta kashewa. Maman Iman kuma kada sutura ta dame ta. Rigar roba mai dogon hannu da dogon wando, da hular da ke rufe kai da wuya, kowa haka yake a jirgi. Ina ɗora doguwar riga a kai har sai za a shiga ruwa.

Baban Iman: Tana gaishe ki Hajiya, ta ce wannan ne amsar da take jira tun safe. Wani abokin aikina kuma ya dage wai in bar duk wannan in je Blue Hole, babban ramin nan da ke cikin teku a Beliz.

Anti Likita: Da katin mita 18? A'a. Ramin faɗinsa kamar mita 300, zurfinsa ya haura 120, kuma abin da ake zuwa gani, ginshiƙan dutsen nan da ke rataye, suna wajen mita 40, ƙarshen iyakar nutson shaƙatawa. A wannan zurfin naitirojin na sa maye, mintuna kaɗan za ka yi ka fara hawa. Ga tafiyar awa biyu ko fiye a jirgi kafin a isa, ga kuɗin da ya haura dala 300. Hotonsa daga sama ya fi cikinsa kyau. Ni a Girenada na yi karatu, shekara biyu ina kallon masu zuwa Bianca C, jirgin fasinjan da ya nutse a 1961, ban bi su ba sai da na yi kati na biyu. Kafin nan gumakan da aka jera a ƙarƙashin ruwa a Molinere nake zuwa, mita biyar zuwa takwas, kuma ban ji na rasa komai ba.

Na Damagaram: Cayman fa? Ba wanda ya ambace ta.

Kawun Toronto: Don ba wanda ya ci gadon attajiri a nan. Tsari da tsafta ba a magana, ga jirgin Kittiwake da suka nutsar a 2011, ga bangon Bloody Bay a ƙaramin tsibirin. Amma kuɗin kwana uku a can ya yi maka mako a Roatan.

Ɗan Yauri: Kawu, gaskiya ɗaya da ya kamata mu faɗa masa dukanmu: murjanin ba kamar da ba ne, ko'ina. Cutar nan da ke cinye naman murjani, wadda ta fara daga Florida a 2014, ta isa Cozumel, ta isa Roatan, Bonaire ɗinka ma ta shiga a 2023. A shekarar kuma zafin ruwa ya sa da yawa suka yi fari fat. Kada ya kalli bidiyon shekara goma sha biyar da suka wuce ya je yana neman wannan.

Kawun Toronto: Wannan gaskiya ne, zuwana na ƙarshe har kayanmu sai da aka sa muka riƙa tsomawa a ruwan magani. Kuma in ƙara maka, Bonaire ma ba ta tsira ɗari bisa ɗari ba, igiyar ruwan guguwar Lenny a 1999 da ta Omar a 2008 sun farfasa murjanin bakin gaɓa. Duk da haka gandun nan tun 1979 ake kare shi, ba a jefa anga, ba a sa safar hannu don kada ma ka yi sha'awar taɓawa, kuma kifin ya nuna. Ka je Salt Pier, gadar da ake lodin gishiri, da yamma, hasken rana na ratsowa tsakanin ginshiƙan, kifi dubbai sun tsaya cik a inuwa. In ka fito ka ƙarasa kudu kaɗan, za ka ga ƙananan ɗakunan da aka gina wa bayi masu aikin gishiri a 1850. Ƙofar ba ta kai ƙuguna ba, sai da rarrafe. Na leƙa ciki, kayan nutso na jikina suna ɗiga, na kasa cewa komai. Ranar ban yi nutso na biyu ba.

Mai Shayin Fagge: Allah Ya jiƙan na gaba. Wannan kam ko ni zan so in gani, daga tudu.

Baban Iman: Na gode ƙwarai jama'a, Allah Ya bar zumunci. Ga inda muka tsaya ni da uwargida. Za ta ga likita makon gobe. In ya sa hannu, ta yi karatu a nan, mu tafi Bonaire saboda Satumba ce, amma mu bi maganar Ɗan Yauri da Hajiya: kwana huɗun farko da malami, ba mu kaɗai ba, kuma ba za mu je kan Hilma Hooker, jirgin da ya nutse a can, ba tun da tana wajen mita 30. Cozumel sai wani hutun, in mun ƙara gogewa.

Ɗan Yauri: In za ka je Cozumel ɗin ka guji tsakiyar hunturu, iskar arewa na sa a rufe tashar jirage kwana biyu ko uku. Maris zuwa Mayu ya fi. Har yanzu dai ina nan a kan bakana, ta fi kyau.

Kawun Toronto: Ka je tukuna, na ce. Baban Iman, wurin nutson nan na Bonaire mai suna 1000 Steps, wato matakala dubu, kada sunan ya tsorata ka, matakalar ba ta kai tamanin ba, sai dai da tukunya a baya wajen hawowa za ka gane dalilin sunan. Ka sayi takalmin ruwa mai taurin ƙasa, bakin gaɓar duk ɓaraguzan murjani ne. Kuma ka iya mota mai giyar hannu? Yawancin a-kori-kurar can haka suke, mai canza giya da kanta sai ka yi oda da wuri.

Baban Iman: Kawu, da Fijo 504 ta Baba na koyi mota a titin Zariya.

Mai Shayin Fagge: To wannan kaɗai ne a cikin tafiyar nan ban ji tsoro ba. Ƙatantanwata dai kada a manta.

Kawun Toronto: Haramun ne fitar da ita daga tsibirin, za su ƙwace a filin jirgi. Ya kawo maka gishiri.